Ranar da Sutan Parmato Ya Gyara Birkin Malam Bustami

A sani tun farko cewa motar Malam Bustami ba ta lalace ba. Ƙara kawai take yi idan an taka birki, wata 'yar ƙara siririya kamar ana goga cokali a gindin tukunya. Malam, wanda ya koyar da lissafi shekara talatin da huɗu a makarantar ƙauyen Batu Tagak kafin ya yi ritaya, ba mutumin da ke barin abu ya kai ga lalacewa ba ne. Ya sauka birnin Bukittinggi ya sayo sababbin takalman birki, wato 'yan allunan nan da ke matse faifan taya idan an taka, ya kuma yi magana da bakanikensa cewa zai kawo motar ranar Litinin. Komai a tsare yake. Kuskurensa ɗaya ne: ya tsaya shan kofi a rumfar Goggo Jusna da kwalin a hammata.

Sutan Parmato yana zaune a kan bencin tsakiya. Shi ne mijin Nurbaiti, ƙanwar Malam. Wata uku ke nan da dawowarsa daga birnin Batam, inda ya ce ya yi shekara tara a wani gareji mai ma'aikata ɗari biyu. Gaskiya ne ya yi shekara tara a wurin. Abin da ba ya faɗa shi ne a bakin ƙofar garejin ya yi su, yana sayar wa ma'aikatan shinkafa a ƙunshin ganye.

"Yaya Malam, mene ne a kwalin nan?"

"Kayan birki ne. Litinin zan kai wa bakanike."

Sutan ya ajiye kofinsa a hankali, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya. "Kun ji ko? Da ni a cikin gida, a ɗauki motar gida a kai wa bare. Me na yi wa dangin matata da suke yi mini haka?"

"Ba haka ba ne, Sutan. Gudun wahalar da kai nake yi."

"Wahala? A Batam ina canza na mota goma kafin kofina ya huce. Gobe Asabar, kafin kiran azahar an gama. Daga nan ma zan kafa allo a ƙofar gida, duk motar da ke tsakanin dutsen nan da bakin tafki ta zo wurina."

"Wace motar?" in ji Goggo Jusna. "Ƙauyen nan mota uku ce, biyu kaji ke kwana a ciki."

Aka yi dariya. Malam bai yi ba. A al'adarsu gida na mata ne, miji baƙo ne a cikinsa ko ya shekara arba'in, kuma baƙon da ya auri 'yar gida ba a ce masa a'a a gaban mutane, ba a kuma gyara masa kuskure baki da baki. Sai dai a kewaya. Malam ya koyar da wannan ga yara da kansa. Ya miƙa kwalin kamar mai miƙa ɗansa ga wanzamin da bai yarda da hannunsa ba.

Motar a tsakar gidan Nurbaiti take kwana, don gidan matar Malam matakala ake hawa tun daga titi, mota ba ta shiga. Washegari da hantsi ya iso ya tarar an riga shi. An fito da benci biyu, maza sun zauna, Goggo Jusna ta kwaso butarta da soyayyar ayaba ta kafa ciniki a gindin bishiyar kwakwa. Sutan ya ɗaura tawul a wuya, ya ɗaga motar da jak a kan ƙasar da ruwan daren jiya ya jiƙa, ya cire tayoyin gaba. Abin da ya tokare ta da shi kuwa kututturen ayaba ne, ɗanye shar.

Malam ya zauna a bakin matakala. Ya yi gyaran murya.

"Na taɓa jin labarin wani mutum a Solok," ya ce, yana kallon sama. "Ya tokare mota da kututturen ayaba. Yanzu da hannun hagu yake cin abinci."

Duk wanda ke kan benci ya gane. Wasu suka sunkuyar da kai.

"Mutanen Solok ai haka suke," in ji Sutan daga ƙarƙashin mota. "Ba su iya zaɓen ayaba ba. Sai wadda ba ta yi 'ya'ya ba ake sarowa."

Bai rufe baki ba jak ɗin ya fara nutsewa. Kututturen ya yi wani kuka, ruwa ya tsarto daga cikinsa, motar ta sunkuyo a hankali kamar tsohuwa za ta zauna a tabarma. Sutan ya mirgino waje da ƙafa ɗaya babu takalmi. Ɗayan takalmin yana ƙarƙashin faifan taya, ya zama faranti.

"Gwaji ne," ya ce yana kakkaɓe wando. "Ana fara gwada ƙasa tukuna."

Ya shiga kicin ya mirgino turmin dakan shinkafar Nurbaiti, wanda ta gada daga kakarta, maza huɗu suka ɗaga masa motar ya tura shi. Malam ya rufe ido. Da ya buɗe sai ya miƙe, ya ce zai miƙe ƙafa, ya nufi gida na uku inda Nurbaiti ke taya girkin wata walimar suna. Hanyar da al'ada ta bari ke nan: a faɗa wa ƙanwa, ita ta faɗa wa mijinta a ɗaki.

Ya sami Nurbaiti a gaban babban kasko tana juya rendang, naman da ake dafawa a madarar kwakwa, hayaƙi ya cika mata ido.

"Eti, zo ki yi wa mijinki magana."

"Yaya, madarar kwakwa ta fara fitar da mai. In na ɗaga hannu ya kama."

"Motata ce a kan turmin Kaka."

"To turmin Kaka ya ɗauki abin da ya fi mota. Ka ba ni awa uku."

"Awa uku? Kafin nan babu abin da zai rage."

"Ai kai ka miƙa masa kwalin. Ni shekara sha tara ina ɓoye masa ko da rediyon gida."

Malam ya dawo da sauri fiye da yadda ya tafi, kuma duk da haka ya makara. Sutan ya ciro tsofaffin takalman birkin, sun cinye sun zama kamar ɓawon rake, ya ɗauko sababbin ya yi ta tura su sun ƙi shiga. Kowane yaron gareji ya san dalili: akwai wani ƙarfe mai kamar kofi da ke turo su, sai an mayar da shi ciki kafin sabo mai kauri ya sami wuri. Malam ma ya sani, ya sha tsayawa a kan bakanikensa. Sutan bai sani ba. Ya ɗaga sabo da tsoho a gaban jama'a.

"Ku duba da idonku. Wanda ya fito daga ciki ga kaurinsa. Wanda aka sayar wa Yaya Malam ga nasa. An cuce shi, an ba shi na babbar mota. Ba don ina nan ba da ya yi asara."

Ya koma kicin. Ya fito da dutsen niƙan barkono.

Ya zauna ya ware ƙafafu, ya ɗora sabon takalmin birki a kan dutsen, ya fara gurzawa. Baƙar ƙura ta tashi, ta haɗu da ragowar barkonon jiya. Mutanen bencin gaba suka fara atishawa.

Malam ya sake gwadawa. "Na taɓa koyar da wani yaro," ya ce. "Aka saya masa sabon fensir. Ya zauna ya yi ta fiƙe shi har ya dawo daidai da guntun da ya ƙare. Sai ya zo yana nuna mini."

"Yaran yanzu," in ji Sutan, yana ƙara danna hannu. "Na tabbata ka zane shi."

"Ban samu dama ba."

"Ai laifinka ne, Yaya Malam. Wawa in ba a faɗa masa gaskiya a fuska ba, ba ya ganewa."

Goggo Jusna ta sa mayafi a baki ta juya baya. Wani tsoho a ƙarshen benci ya tashi ya tafi bayan rumbu, ana jin tarinsa daga can.

Minti arba'in Sutan ya yi yana niƙa. Malam ya duba agogo, saboda haka lissafin ba na ƙiyasi ba ne. Da aka gama, sababbin takalma huɗu sun dawo daidai da tsofaffin, har Sutan ya kasa bambance su, ya tsaya yana jujjuya takwas a hannu. A ƙarshe ya zaɓi huɗun da suka fi ƙamshin barkono. Suka shige ba gardama. Jama'a suka yi guɗar da ba ta kai zuci ba.

"Saura maganin ƙara," in ji Sutan. "Nan ne sirrin yake. Abin da ke ƙara, ƙishi yake ji."

Ya ɗauko kwalbar man kwakwa. Ya zuba a tafin hannu, ya shafe takalman, ya shafe faifan gaba da baya har yana ƙyalli, ya zagaya ɗaya tayar ya yi mata haka.

Labaran Malam sun ƙare. Ya waiga ya ga magen gidan kwance a kan matakala, ya nuna ta da yatsa.

"Ke mage. Man kwakwa na tukunya ne. Duk inda aka sa shi santsi yake yi. Abin da aka yi don ya kama, ba a shafa masa mai. Kina jina?"

Magen ta yi hamma.

"Ƙyale ta, Yaya Malam," in ji Sutan. "Ina sa ido, ba za ta lasa ba."

Ya mayar da tayoyi, aka sauke motar daga turmi, turmin ya rabe biyu a hankali kamar an yanka gwanda. A kan tawul noti biyu suka rage. Sutan ya dube su, ya jefa a aljihu.

"Kamfani na sa ƙari saboda masu koyo."

Daidai nan Datuk, shugaban dangi, ya biyo ta ƙofar gida da baƙar hularsa da lemarsa, zai sauka masallaci. Masallacin yana gindin gangare, inda titi ya yi kwana a bakin tafkin kifin da ake alwala a gefensa. Tsoho ne mai ciwon gwiwa, kullum rabin awa yake yi a gangaren nan.

Sutan ya buɗe ƙofar gaba ya rusuna. "Datuk, aikina na farko a ƙauyen nan, kai za ka sa masa albarka."

Malam ya yi wuf ya ce shi zai tuƙa. Sutan ya dafa ƙirji. "Likita ya yi aiki, a ce wani ya cire zare?" Malam ya ce to zai zauna a gaba, yana lissafin birkin hannu da ke tsakanin kujeru. Datuk ya dube shi ta saman tabarau, ya shiga gaba, ya jingina lemarsa a tsakanin kujerun. Malam ya shiga baya, a motarsa, ya riƙe kujera da hannu biyu.

Mutanen benci suka biyo su a ƙafa. Babu wanda ya kira su.

Mita hamsin na farko shimfiɗe ne. Sutan ya fito da gwiwar hannu ta taga yana danna hon ga duk wanda ya gani. "Kun ji ƙara? Datuk, ka ji wata ƙara?"

"Ban ji ba."

"Ba za a sake ji ba har abada."

Wannan kaɗai ne gaskiyar da ya faɗa a ranar. Gangare ya fara. Sutan ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa kamar ya taka dafaffen kabewa. Ya ɗago ya sake takawa. Wannan karon birkin ya kama faifan, faifan ya zame a cikinsa lafiya lau, ƙamshin soyayyen barkono da man kwakwa ya cika motar.

"Wa ke girki?" in ji Datuk.

"Sabon birki sai ya saba da hanya," in ji Sutan. Gumi ya keto masa.

Bishiyoyi suka fara wucewa da sauri. Malam, Allah ya sani, ya ƙara gwadawa sau ɗaya. "Akwai wani direba a Padang Panjang, da birki ya ƙi, sai ya tuna akwai na hannu."

Wannan dai Sutan ya gane. Ya kai hannu tsakanin kujeru ba tare da ya duba ba, ya finciko da ƙarfinsa duka. Lemar Datuk ce. Ta buɗe a cikin mota, baƙa, faffaɗa, ta rufe gilashin gaba da Datuk da rabin Sutan.

A nan ne shekara sittin da ɗaya na tarbiyya suka ƙare. Tagogi a buɗe suke, motar tana wuce gidan walima inda mata hamsin ke tsakar gida, kuma muryar Malam murya ce da ta saba kai wa bencin ƙarshe na aji.

"Sutan, kai ba bakanike ba ne. Ba ka taɓa zama bakanike ba. Shinkafa ka sayar a ƙofar gareji, kowa ya sani, matarka ce ta ce mu yi shiru. Ka niƙe mini birki a dutsen barkono, ka soya shi da mai, sakarai kawai."

Titi ya yi kwana. Motar ba ta yi ba. Ta bi ta kan shingen gora, ta sauka ɗan tudun ciyawa, ta shiga tafkin masallaci da wata irin natsuwa, ta yi gaba kamar tsawon tabarma uku ta tsaya. Ruwa ya shigo har cinya. Masu alwala goma sha ɗaya suka tsaya da hannu a kunne. Wani jan kifi ya shigo ta tagar Datuk, ya duba, ya fita.

Babu wanda ya ji ciwo. Datuk ya naɗe lemarsa a hankali. Hularsa tana can tana yawo a tsakiyar tafki.

"Ta tsaya dai," in ji Sutan.

Bayan salla aka zauna a barandar masallaci, don Malam ya ce ba zai koma gida ba sai an bi masa haƙƙinsa. Datuk ya zauna a tsakiya cikin aron zane, dattawa dama da hagu, mata a bayan shinge, Nurbaiti a cikinsu da muciya a hannu. Motar tana tafki, an aika a kawo ɓaunayen noma biyu daga gona su ja ta.

Malam ya miƙe, wandonsa na ɗiga. Ya jera ƙorafinsa kamar yadda ya saba jera darasi. Sababbin takalman birki huɗu, an niƙe. Faifai biyu, an soya. Noti biyu, suna aljihun wanda ake ƙara. Turmin Kaka. Dutsen barkono, wanda yanzu duk abin da aka niƙa a kansa sai ya yi ɗanɗanon taya. Mota ɗaya, ga ta can kowa na gani. Bai ƙara ko kalma a kan gaskiya ba.

Dattawa suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus. Datuk ya ɗago.

"Za mu fara da babban laifi. Malam Bustami, ka kira baƙon gidanku sakarai a gaban mata hamsin."

"Motar tana gudu ne, Datuk."

"Mun lura. Ina ciki. Amma ko a cikin ruwa al'ada ba ta narkewa. Za ka kai masa tiren abinci har ɗaki, ka ba shi haƙuri."

 Malam ya ce ya karɓa. Sai ya ɗaga yatsa, yatsan da yara suka ji tsoro shekara talatin da huɗu.

"Tunda al'ada ake bi, a bi ta har ƙarshe. Kada a rage mini ko ƙwaya. Abin da ta tanada a kan wanda ya ɓata kayan wani, shi nake nema, ba ƙari ba ragi."

"Ka tabbata?"

"Ban taɓa faɗin abin da ban tabbata ba."

Datuk ya gyara zama. "To abin da muka gada shi ne, wanda ya ɓata shi zai gyara, da hannunsa, ba aike ba wakili. Sutan Parmato, an ɗora maka gyaran motar nan har ta koma yadda take."

Sutan, wanda tun da aka zauna kansa ke ƙasa, ya ɗago a hankali. Fuskarsa ta washe kamar an kunna fitila.

"Na karɓa, Datuk. Kuma ba birki kaɗai ba. Inji ya sha ruwa, sai an kwance shi ɗaya bayan ɗaya an shanya a rana. Akwatin giya ma tun da na taɓa shi na ji bai yi mini ba."

Malam ya dubi Datuk. Ya dubi dattawa. Ya dubi Nurbaiti, ta kawar da kai tana kallon muciyarta.

"Na yafe," ya ce.

"Ka ce kada a rage maka ko ƙwaya."

"Na yafe, Datuk. Duniya da lahira. A rubuta."

Sutan ya taso ya kama hannun Malam da hannu biyu, idonsa ya ciko da hawaye. "Kai ka yafe, Yaya Malam, don kai mutumin kirki ne. Amma ni ban yafe wa kaina ba. Gobe da sassafe zan fara da inji."

Malam Bustami ya zare hannunsa.  Ya sauka matakalar masallaci, ya naɗe ƙafar wando duk da a jiƙe yake, ya shiga tafki, ya ratsa ruwa har wurin motarsa. Ya shiga, ya zauna a kujerar direba, ya ɗaga gilasai huɗu, ya danna makullin kowace ƙofa. Da ɓaunayen suka iso, ya leƙo ta 'yar kafar gilashi ya ce wa mai su ya mayar da su gona, motar tana nan lafiya inda take.